Kayan likita sun san hanyar zuwa Damagaram, ba su san ta komawa ba

Duk wanda ya taɓa jinya a ƙaramar likita ta unguwa ko ta ƙauye ya san wurin da nake nufi, can baya kusa da katanga, inda akwai rami ko wani ɗan gini na jan bulo mai bututu wanda ya riga ya tsage. A 2021 na yi kwana uku ina jinyar gyatumata a wata likita da ba sai na faɗi sunanta ba, kullum da sassafe kafin rana ta ɗaga sai wani dattijo ya turo baro cike da shara, safar hannu, takunkumi, robar ƙarin ruwa, kwalaye, har da ɓawon lemu da ledar kunu da ƴan jinya suka yar, duka a cakuɗe, ya juye a ramin ya yayyafa gazuwal ya ƙyasta ashana. Hayaƙin baƙi ƙirin, kuma iska ta kan kwashe shi ta kai daidai tagar ɗakin masu haihuwa. Ranar ta biyu na kasa haƙuri na ce mishi, Baba, wannan hayaƙin ba ya damunka? Ya dube ni ya ce, ɗana, da can sau biyu a sati nake ƙonawa, tun da korona ta zo kullum ne, in ban ƙona ba awaki da yara za su riga ni.

Akwai wani fanni da masana ke ta rubutu a kai tun lokacin annobar, wato yadda za a tafiyar da kayan likita tun daga masana'anta har hannun maras lafiya har zuwa bola ba tare da an ɓata ƙasa da iska da ruwa ba, kuma ba tare da hanyar ta yanke ba in masifa ta faɗo. Ni da farko na ɗauke ta maganar ƙoshi ce, ta waɗanda maganinsu ya wadata har suka samu sukunin lissafin hayaƙi. Mu da ake rubuta ma ordinas ka zaga farmasi uku ba ka samu ba, ina ruwanmu da hayaƙin jirgin ruwa? Amma na yi ƴan shekaru ina riƙe takardun sitok a wani ɗakin ajiyar magani, kuma abin da na gani shi ne rashin kaya da tarin shara uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Ɗauki safar hannu guda ɗaya, wadda ma'aikata ke ce ma gan. Kafin korona kusan kashi biyu cikin uku na safar roba ta duniya a Malesiya ake yin ta, takunkumi kuma kusan rabi daga Sin yake fitowa. Farasitamol ɗin da muke sha kamar gyaɗa yawanci Indiya ke buga shi, ita kuma Indiya kusan kashi 70 cikin 100 na sinadaran da take haɗa magani da su daga Sin take sayowa. Kayan su hau jirgin ruwa su yi makonni, su sauka Kwatano ko Lome, su hau kamyo su yi wajen kilomita 1000 zuwa Yamai, su shiga rumbun ONPPC, wato hukumar gwamnati mai saye da rarraba magani, ko na ƴan kasuwa masu lasisi, su sake hawa wata kamyo kusan kilomita 900 zuwa nan Damagaram, daga nan kuma a rarraba, wasu Magarya da Matamai, wasu Tanut, wasu Gure har Tesker inda sai mota mai cin rairayi. Safar da za a sa minti biyu a cire ta yi tafiyar da mai sa ta bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Wani rahoto na 2019 ya ƙiyasta cewa harkar kiwon lafiya ita ke da kashi 4.4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, da ƙasa ce da ita ce ta biyar, kuma kashi 71 cikin 100 na wannan hayaƙin ba a cikin asibiti yake tashi ba, a wajen ƙera kaya da ɗaukarsu da zubar da su ne. Rabon Nijar a ciki bai taka kara ya karya ba, wannan gaskiya ne. Sai dai tsawon hanyar nan da ke cin mai, shi ne kuma ke sa mu zama na ƙarshe a layi ranar da kowa ya tashi neman abu ɗaya.

Kuma mun ga ranar. A 3 ga Maris 2020 hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce ma'aikatan lafiya na buƙatar takunkumi miliyan 89 da safar hannu miliyan 76 kowane wata, farashin takunkumi ya ninka sau shida, kuma sai masana'antu sun ƙara kashi 40 cikin 100 kafin a wadata. A wannan ranar dai Indiya ta taƙaita fitar da sinadarai da magunguna 26 har da farasitamol. Ranar 19 ga watan aka samu mutum na farko mai cutar a Yamai. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, dama tun Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa ba ta buɗe ba sai Disamba 2020, wato Kano da ke nan kusa da mu, wajen kilomita 240, a hukumance ƙofarta a kulle take. Kuɗin ɗaukar babbar kwantena da bai kai dalar Amurka 2,000 ba kafin annoba ya haura 10,000 a Satumba 2021. Mai kuɗi ya ɗauki hayar jirgin sama ya kwaso nasa, jirgin sama kuwa ya fi na ruwa hayaƙi nesa ba kusa ba, marar kuɗi ya zauna yana rubuta ruptur, wato kaya sun ƙare, a takarda. Wannan kalmar na rubuta ta har hannuna ya saba.

Abin da ya ɗan rufa asiri ba daga teku ya zo ba. Telolin Kasuwar Dole da na cikin unguwanni suka koma ɗinka takunkumin atamfa da na yadi, mai ninki biyu ko uku, ka wanke ka shanya ka sake sawa. Ba ya maye gurbin wanda ma'aikaci ke sawa a gaban maras lafiya, kar a fahimce ni baibai, amma duk mutum ɗaya da ya sa na tela ya bar ma likita nata, kuma bai ƙara ma lambatu roba ba. Haka ruwan goge hannu, OMS ta daɗe da fitar da yadda ake haɗa shi, alkol kashi 80 cikin 100 da ɗan gilisarin da ɗan ruwan oksijene, duk mai farmasin da ya san aikinsa zai iya. Jabel ma akwai ƙananan na'urori da ke fitar da shi daga ruwa da gishiri in an ba su wuta, ko ta sola ce, maimakon a ɗauko jarka daga bakin teku tana rasa ƙarfinta a zafin hanya. Mai lissafin hayaƙi ya ji daɗi, mai riƙe sitok ma ya ji daɗi, ko da dalilinsu bai zo ɗaya ba.

Daga baya kuma sai kaya suka ɓarke da zuwa, taimako ta ko'ina, kwali kan kwali. A nan ne ɗaya fuskar ta bayyana. Rahoton da OMS ta fitar a Fabrairu 2022 ya ce daga Maris 2020 zuwa Nuwamba 2021 tan 87,000 na kayan kariya aka saya aka aika ƙasashe ta hanyar shirin Majalisar Ɗinkin Duniya kaɗai, ban da wanda gwamnatoci da mutane suka saya da kansu. Kayan gwaji sama da miliyan 140, waɗanda za su iya barin tan 2,600 na roba da lita 731,000 na ruwan sinadari. Allurar rigakafi sama da biliyan 8 da aka yi ta bar tan 144,000 na sirinji da allura da kwalayen tara su. Kuma rahoton ya ce a ƙasashe mafi talauci asibitoci 6 cikin 10 ba su da kayan sarrafa sharar da suke da ita tun kafin annoba, balle ƙari. Wato an lissafa kuɗin saye, an lissafa kuɗin jirgi da kamyo, an yi hoto ranar miƙa kaya, amma ba wanda ya lissafa baron Baba.

Abin haushin shi ne yawancin abin da yake ƙonawa bai kamata ya shiga wuta ba sam. A ƙiyasin OMS kusan kashi 85 cikin 100 na sharar likita shara ce kamar ta gida, takarda, kwali, ledar da aka naɗo kaya, ragowar abinci. Kashi 15 ne mai haɗari, allura da reza, abin da ya taɓa jini ko majina, sinadarai, magani da ya lalace. Amma da zarar ka jefa auduga mai jini ɗaya cikin bokitin takardu, bokitin duka ya zama mai haɗari, kamar ɗigon kananzir ne a tulun ruwa. Lokacin korona tsoro ya sa komi aka ɗauke shi mai cuta, har kwalin da ba a buɗe a ɗakin maras lafiya ba. Gyaran wannan ba ya buƙatar injin daga Jamus, bokiti uku ne masu launi daban a inda ake aikin, da kwalin allura da ba a bari ya wuce kashi uku cikin huɗu, da manjo, wato shugaban likitar, mai bin diddigi. Abin da ke karya shi kuwa ƙaramin abu ne, ledar rawaya ta ƙare ba a yi komand ba, sai a sa baƙa a ko'ina, sati biyu kowa ya manta da bambancin.

Sai maganar wutar kanta. Mutane na ganin in dai an ƙona an gama, wuta ai ba ta barin cuta. Ƙwayar cuta kam ta mutu, amma robar ƙarin ruwa da bututunta da wasu safar hannu akwai sinadarin kulorin a jikinsu, in suka ci wuta marar ƙarfi irin ta rami sai su fitar da gubar da ake kira dayoksin. Murhun ƙona shara na ƙwarai sai ya kai digiri 850 zuwa 1100 kuma yana da abin tace hayaƙi kafin a ce ya tsira daga wannan, ramin gazuwal ko kusa bai kai ba. Ita wannan gubar ba ta nuna kanta yau ko gobe, ta kan sauka a ƙasa da ciyawa, kaji su yi tono a tokar, awaki su yi kiwo a gefen, ta taru a kitse da ƙwai da nono, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na yadda take shiga jikin mutum ta abinci ne. Ba ta ruɓewa da wuri, shekaru take yi a jiki. Allura kuma ba ta narkewa a irin wannan wutar, tana nan cikin toka, damina ta zo ruwa ya kwashe zuwa kududdufi inda yara ke wanka. Wanda ya tashi a garin nan ya san sirinjin da yara ke tsotso ruwa da shi suna fesa ma juna, da safar hannu da ake hurawa ta zama balan-balan mai yatsu biyar. Ba daga kanti suke samo su ba.

Wani abu kuma da ba a son faɗa, safar hannu da yawa an sa ta ne don idon jama'a. OMS ba ta ce a sa safa wajen yin allurar rigakafi ba in fatar mai yi da ta wanda ake ma lafiya lau take, wanke hannu ko goge shi tsakanin mutum da mutum shi ne ka'ida. Amma je ka yi ma mutum allura hannu tsirara lokacin korona ka ji abin da zai ce. Sai ma'aikaci ya sa safa ɗaya ya yi ma mutum goma da ita, ya taɓa salula da ita, ya buɗe ƙofa da ita, an yi asarar roba kuma ba a samu tsabtar ba.

Inda na fi ganin amfanin wannan tunanin ƙuru-ƙuru shi ne wajen sanyi. Yawancin rigakafi sai an riƙe shi tsakanin digiri 2 da 8 tun daga masana'anta har cinyar yaro, a garin da watan Afrilu da Mayu zafi ke wuce 40. Na kamfanin Pfizer da farko ma digiri 70 ƙasa da sifiri yake so, shi ya sa waɗanda suka fara iso mana su ne masu jure firigo na kullum, Sinopharm guda 400,000 daga Sin a Maris 2021, sai AstraZeneca sama da 350,000 ta shirin COVAX na raba rigakafi ga ƙasashe a Afrilu. A ƙauyuka da dama da can firigo mai aiki da gas ko kananzir ake da shi, ranar da tukunyar gas ta ƙare kuma hanya ta yanke da ruwa, manjo ya ɗauki gilasiya ya hau babur ya nemi likita mafi kusa mai sanyi, in bai kai da wuri ba duk abin da ke ciki ya tashi daga magani ya koma shara. Yanzu akwai firigon sola wanda ba ya ma buƙatar batir, da rana yana daskarar da ruwa a jikin bangonsa, ƙanƙarar ta riƙe sanyin dare har da kwanakin da hazo ya rufe rana. Ba mai, ba hayaƙi, ba jiran kamyo. Da Najeriya ta yanke mana kuran a Agusta 2023 bayan juyin mulki, likitar ƙauye mai irin wannan firigon ta fi wata ta birni mai gurup kwanciyar hankali, duk da matatar mai ta SORAZ na nan arewa da mu tun 2011, don man ba kyauta ake ba da shi ba. Sai dai shi ma yana da nasa, ƙurar hunturu ta lulluɓe pano in ba mai gogewa ƙarfin ya ragu, in wani ɗan abu ya lalace sai a jira mai gyara daga nesa wata da watanni, kuma inda aka sa sola mai batir don fitila da injin iskar numfashi, batirin in ya mutu dalma ce da asid, wa ke karɓarsa? Yawanci ƴan gwangwan.

Kuma sanyi ba ya hana kwanan wata cika. A Disamba 2021 Najeriya ta lalata rigakafin AstraZeneca sama da miliyan ɗaya a wata bola a Abuja, saboda an kawo mata shi saura ƴan makonni ya lalace. Malawi ta ƙona kusan 20,000 a Mayu na wannan shekarar. Ka duba asarar, an ƙera, an sanyaya, an ɗauko a jirgin sama, an sake sanyayawa, sannan a biya kuɗin binnewa. Ka'idar OMS kan kyautar magani ta ce ya kamata ya iso da aƙalla shekara ɗaya a gabansa, amma mai karɓar kyauta bakinsa nauyi gare shi. A ɗakin ajiya dokar ita ce wanda zai riga lalacewa shi ke riga fita, ko da shi ya zo daga baya, sai dai in an jibge ma kwali ɗari biyu rana ɗaya a ɗakin da ba shi da kanta isassu, na ƙasa sai ranar da aka zo ƙidaya a gan shi ya perime.

To amma kar a ɗauko tsarin wasu a dasa mana yadda yake. A Ingila hukumar lafiyarsu NHS ta yi alkawari a Oktoba 2020 za ta kai hayaƙinta sifiri, kuma cikin dabarun da ake yayatawa a can akwai komawa rigunan aiki da ake wankewa maimakon na yarwa. Daidai ne, rigar da za ta sha wanki sau da dama ta fi ta roba sauƙi ga ƙasa. Amma wanki ruwa yake so, mu kuwa garinmu a kan dutse yake zaune, ruwanmu daga Gogo da Machaya da Arungoza da Ganaram ake turo shi, kuma duk ɗan Damagaram ya san watannin da famfo ke yin shiru a koma ga ƴan garuwa. Likitar da ke sayen jarka don wanke ɗakin haihuwa ba za ka ce mata ta wanke riga hamsin kullum da ruwan zafi ba sai ka fara haƙa mata rijiyar burtsatse. Tukunyar turara kaya, otoklab, da ke kashe cuta da tururi a digiri 121 ba tare da hayaƙi ba, ita ma wuta tsayayya take so da ruwa mai kyau. Sirinji kuwa babu zancen maimaitawa ko kaɗan, gara tarin roba da a raba ma mutane ciwon hanta da sida, shi ya sa na rigakafi ake yin shi mai kulle kansa bayan amfani ɗaya. Dokar hana leda da aka kafa tun 2014 ma ta isa ta nuna mana takarda ita kaɗai ba ta kwashe shara, leƙa kowace bishiyar ƙaya a bakin gari ka gani.

A ganina wurin da abin ke lalacewa shi ne teburin saye, tun ran gini ran zane. Mai ba da kwangila ko mai kawo taimako yana duba wa ya fi araha a kan guda ɗaya, ba ya tambayar kwali nawa da leda nawa aka naɗe shi da su, ko akwai irinsa marar kulorin, ko saura wata nawa ya lalace, ko firigon nan akwai mai gyaransa a jahar, ko wa zai karɓi batirin. In aka sa kuɗin kwashewa da lalatawa a cikin kuɗin saye tun farko, ko ɗan kaɗan ne a kan kowane kwali, lissafin wa ya fi araha zai canza. Sannan motar da ta kai kaya Dungas ko Damagaram Takaya wayam take dawowa, alhali ana iya ɗoro mata kwalayen allura da aka rufe da maganin da ya perime, a keɓe ba tare da sabbin kaya ba, zuwa wuri ɗaya mai murhu na ƙwarai. Murhu ɗaya mai kai zafin da ake so, da mai kula da shi da ake biya albashi, ya fi ramuka hamsin. A wasu kamfen na rigakafi ana yin hakan, a tattaro kwalayen a kai gunduma, sai dai kamfen na ƙarewa kuɗin man ya ƙare.

Annoba kuma ba ta tafi da korona ba. Kwalara ta zo a 2021, sanƙarau ya ɓarke a jahar nan ƙarshen 2022, mashaƙo ya biyo a 2023 wajen Matamai, kuma a 2023 ɗin rufe iyakar Benin ya sake nuna mana yadda hanyar Kwatano ke iya yankewa dare ɗaya. Kowace ɗaya da kamyonta na kaya.

Watannin baya na koma waccan likitar kai ɗiyar ƙanwata awo. An sa musu pano a rufi, firigon na ta aiki shiru. Na zaga baya na tarar da Baba, ya ƙara tsufa, yanzu an ba shi takalmin roba da safa mai kauri. Ya nuna min wani ɗan ɗaki da aka jera kwalayen allura masu ruwan ɗorawa har kusan rufi, ya ce an hana shi ƙona waɗannan, wai mota za ta zo ta kwashe. Na ce, tun yaushe, Baba? Ya ɗan yi lissafi da yatsu ya ce tun kafin azumi, kuma na ƙasan gara ta fara cin su.